Daga Ikko Zuwa Landan: Nisa Nawa, Awa Nawa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuta wannan bayani, kunya ce na sha har sau biyu cikin wata guda, kuma duk a kan magana ɗaya. Na ga ya kamata in faɗa muku yadda aka yi da abin da na koya daga baya, don kada waninku ya faɗa ramin da na faɗa.

A farkon watan Janairu, ina gida hutu, yayata ta tashi zuwa Ingila inda ta sami aikin jinya a wani asibiti. Duk gidanmu ba wanda ya taɓa shiga jirgin sama. Kafin ta tafi Ikko, watau Legas, ta bar mana hoton tikitinta. An rubuta jirgin zai tashi ƙarfe 11 na dare, ya sauka Landan ƙarfe 4.30 na asuba. Da ya ke ni ne ɗan makaranta a gidan, Mama ta ce in duba in gaya mata. Na ƙirga da yatsu na ce, "Awa biyar da rabi ne, Mama. Ƙarfe huɗu da rabi Yaya za ta kira mu."

Daren nan Mama ba ta runtsa ba. Ta zauna bakin gado, waya a tafin hannu. Huɗu da rabi ta yi, shiru. Biyar ta yi, shida ta yi, shiru. Ta dube ni ta ce, "Kai da ka ce huɗu da rabi, ina 'yata?" Ban sami abin da zan ce mata ba. Sai wajen bakwai saura kwata wayar ta yi ƙara, muka ji muryar Yaya lafiya lau, tana cewa jirginsu bai yi latti ba ko kaɗan. Ashe lissafina ne ya karkace, ya sa tsohuwa ta yi fiye da awa biyu cikin zullumi a banza.

Mako uku bayan wannan aka tura mu gwajin koyarwa, aka ba ni aji biyar a wata makarantar firamare. Ina koyar da labarin ƙasa, na ambaci tafiyar yayata. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, Ingila ta fi Kano nisa?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "Sau nawa?" Maimakon in ce bari in bincika, sai na ce, "Sau ashirin." Yara arba'in suka rubuta cikin littattafansu. Da na koma masauki hankalina ya kasa kwanciya, gama na san ka-cici-ka-cici na yi. Daga ranar na shiga ɗakin karatu na kwaleji, na kuma dami malaminmu na labarin ƙasa da tambaya. Ga abin da na samo.

Yadda a ke auna nisa

Duniya a mulmule ta ke kamar lemo. Kadan mutum ya kewaye ta ya komo inda ya tashi, ya yi tafiyar kilomita 40,000, ko kusa da haka. Wannan ba sabon sani ba ne. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce wani masani Bagirike mai suna Eratostenis, wanda ya zauna a Iskandariyya ta ƙasar Masar, ya auna girman duniya da inuwa. Ya ji labarin cewa a wata rana cikin shekara, da tsakar rana, sanda ba ta yin inuwa a garin da a ke kira Aswan yanzu, amma a Iskandariyya tana yi. Ya auna karkatar inuwar, ya ga ta kai kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira. Sai ya ninka nisan da ke tsakanin garuruwan biyu sau hamsin, ya sami amsar da ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Masu lissafi sun raba kowace da'ira kashi 360, kowane kashi a na ce da shi digiri. In ka raba kilomita 40,000 gida 360, za ka sami kilomita 111 da ɗan ɗoriya. Watau duk wanda ya miƙe arewa sak ko kudu sak ya yi kilomita 111, ya ci digiri ɗaya ke nan. Layukan nan na kwance da mu ke gani a taswira, su ne ke nuna digiri nawa gari ya ke daga ikwaita, layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa.

To, ku buɗe taswira ku duba. Ikko tana digiri 6 da rabi arewa da ikwaita. Landan kuwa tana digiri 51 da rabi. In ka ɗebe shida da rabi daga hamsin da ɗaya da rabi, saura 45. Digiri 45 sau kilomita 111 ya ba mu 4,995. Mu ce kilomita 5,000 ke nan, ko mil 3,100 ga waɗanda suka saba da mil. Abin da ya ba ni sha'awa, digiri 45 kashi ɗaya ne cikin takwas na 360. Ashe daren nan Yaya ta ci kashi ɗaya cikin takwas na kewayen duniya tana zaune a kujera.

Amma fa a lura, wannan lissafi mai sauƙi ya yi daidai ne don garuruwan biyu suna kusan bisa layi ɗaya na tsaye. Layin Girinwic, wanda a ke fara ƙirgan gabas da yamma daga kansa, ya ratsa ta cikin Landan, ya gangaro ta Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali, ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana. Ikko kuwa digiri uku ne da 'yan kai gabas da shi. Saboda haka mai zuwa Landan daga Ikko arewa ya ke yi kusan sak. Da a ce gari ɗaya yana can gabas mai nisa, to, sai an yi wani lissafi mai zurfi, ko a yi dabarar zare da zan faɗa nan gaba.

Yanzu mu koma ga tambayar yarinyar nan. Daga Ikko zuwa Kano ta sama, kamar yadda tsuntsu zai miƙe, kilomita 830 ne ko kusa da haka. In ka raba 5,000 da 830, za ka sami shida. Sau shida ne, ba sau ashirin ba.

Taswira ta kan ruɗi ido

Duk wanda ya taɓa ɓare lemo ya yi ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon a tebur ya san ba ya kwanciya sai ya tsage. Haka duniya ta ke. Ba yadda za a zana abu mulmulalle a shimfiɗaɗɗiyar takarda ba tare da an ja wani wuri an buɗa shi ba. Irin taswirar da aka fi ratayewa a ajujuwanmu ta samo asali daga wadda Merkato, mutumin ƙasar da a ke kira Beljiyam yanzu, ya zana a shekarar 1569 domin matuƙan jirgin ruwa. Ta yi musu amfani ƙwarai, amma tana kumbura ƙasashen da ke can ƙurewar arewa da kudu. A kanta tsibirin Girinlan ya kan yi kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14.

Don haka in ka aza rula a kan irin wannan taswira ka ja layi tsakanin gari biyu masu nisa, ba lalle ne ka sami gajeriyar hanya ba. Ga yadda a ke samunta. Ɗauki ƙwallon duniya na aji, in babu ka ɗauki lemo ka ɗiga masa alama biyu. Aza zare daga alama ɗaya zuwa ɗaya, ka ja shi ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta, nan ne gajeriyar hanya. Sa'an nan ka ɗauke zaren ka gwada shi a jikin ikwaita, ka ƙirga digiri nawa ya ci, ka ninka da 111. Ka sami nisan ke nan.

In ka yi wannan gwaji tsakanin Niyok ta Amurka da Tokiyo ta Japan, za ka yi mamaki. A taswirar bango sai ka ce jirgi zai miƙe yamma ya ratsa tsakiyar tekun Fasifik. Amma zaren zai hau arewa, ya bi ta Kanada da Alaska, kana ya gangaro. Ta nan kuwa jiragen ke bi. Tsakanin Ikko da Landan taswira ba ta ruɗi sosai, tun da ya ke tafiyar daga kudu zuwa arewa ce.

Ƙasashen da a ke ƙetarewa

Kadan ka ja zaren daga Ikko, zai bi ta ƙasar Yarabawa, ya shafi Jamhuriyar Benin, ya shiga Nijar, ya faɗa Hamada. Aljeriya kaɗai ta kan ci babban rabo na tafiyar, gama ita ce ƙasar da ta fi kowace girma a Afirka. Daga nan sai Bahar Rum, sai gefen Sifen, sai Faransa, sai ɗan mashigin ruwan da ya raba Faransa da Ingila. Hamadar nan da ayarin raƙuma na fataken Kano da Tarabulus kan yi watanni kafin su ƙetare, jirgi ya kan wuce ta cikin 'yan awoyi, fasinjoji suna barci.

Amma kada a zaci sama fili ce da kowa ke bi yadda ya ga dama. Kowace ƙasa ita ke da ikon samaniyarta, kuma akwai hanyoyi da aka tsara, da ma'aikata a ƙasa masu magana da matuƙi ta rediyo suna miƙa shi daga hannu zuwa hannu. In wata ƙasa ta rufe samanta, tilas a kewaye. An ga haka a watan Agusta na 2023, sa'ad da sojojin da suka karɓi mulki a Nijar suka rufe sararin ƙasar na wasu makwanni. Jiragen da ke tsakanin Turai da Nijeriya suka dinga zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, man da a ke ƙonawa ya ƙaru. Haka nan daga 2022, da aka hana jiragen Ingila bi ta saman Rasha, tafiyar Landan zuwa Tokiyo da a kan yi cikin kamar awa 12 ta koma wajen awa 14. Hadari ma ya kan sa matuƙi ya kauce. Saboda haka nisan da jirgi ke ci ya kan ɗara na zare kaɗan.

Awa nawa a ke yi

Manyan jiragen fasinja na yanzu suna tafiya kamar kilomita 850 zuwa 900 cikin awa ɗaya. Su kan hau sama wajen kilomita 11, inda iska ba ta da kauri, don haka ba ta tare jirgi sosai, mai kuma ba ya ƙonewa da yawa. Sanyin da ke waje a can ya kan wuce digiri 50 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa.

In ka raba kilomita 5,000 da 850, za ka sami awa shida ba kaɗan. Amma kamfanonin jirage su kan rubuta kamar awa shida da rabi. Ina sauran rabin awar ya fito? Lokacin da ke jikin tikiti a na ƙirga shi ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga mazauninsa har sa'ad da ya tsaya cik a wancan filin. Cikin wannan akwai tafiyar da ya ke yi a ƙasa kamar mota kafin ya kai titin tashi, da jiran layi. Akwai hawa, wanda ba a yinsa da cikakken gudu. Akwai sauka, inda a ke rage gudu tun daga nesa. A babban fili irin Hitiro na Landan, wani lokaci a kan sa jirgi ya yi ta kewaye a sama yana jiran a ba shi hanya.

Wannan ya warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Jirgin Ikko zuwa Kano ya kan yi kamar awa ɗaya da rabi. Tun da Landan ta ninka Kano sau shida, na zaci za a yi awa tara. Ba haka ba ne. Cikin awa ɗaya da rabin nan, awa ɗaya ce ta ainihin gudu, rabin awa kuwa na tashi da sauka ne. Mai zuwa Landan gudun ne kaɗai zai ninka sau shida, gama sau ɗaya zai tashi, sau ɗaya zai sauka. Shida da rabi ke nan.

Daga nan na sami 'yar ƙa'ida da kowane ɗan aji biyar zai iya aiki da ita: raba nisan da 850, ka ƙara rabin awa. Na gwada ta da tafiyar da ta fi kowace tsawo da jirgin fasinja ke yi ba tsayawa, watau daga Singafo zuwa Niyok, kilomita 15,300 ko sama kaɗan. Ta ba ni awa 18 da rabi, kuma kusan haka a ke yi. Ba ƙa'idar matuƙa ba ce, amma ta ishi malamin makaranta.

Aikin iska

Akwai wani abu kuma. Tsakanin Niyok da Landan kamar kilomita 5,550 ne. Mai zuwa Landan ya kan yi wajen awa bakwai, mai komawa Niyok kuwa wajen awa takwas. Nisa ɗaya, jirgi ɗaya, me ya kawo bambanci?

A can sama inda jirage ke bi akwai wata iska mai ƙarfin gaske da ke kwarara daga yamma zuwa gabas kamar kogi, gudunta ya kan wuce kilomita 200 cikin awa, musamman lokacin sanyinsu. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Kwara ko Binuwai ya san bambancin bin ruwa da hawan ruwa. Mai zuwa gabas iskar tana tura shi, mai zuwa yamma tana tare shi. A watan Fabrairu na 2020, da aka yi wata babbar guguwa, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya taso daga Niyok ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Jirgin Ikko zuwa Landan kuwa ƙetare irin wannan iska ya ke yi, kamar mai haye kogi daga gaɓa zuwa gaɓa, don haka zuwa da komowa ba su da bambanci mai yawa.

Wani abokina a ɗakin kwananmu ya ce shi a ganinsa juyawar duniya ce ke kawo wannan bambanci. Har ya ce me zai hana jirgi ya tashi ya tsaya cik a sama, ya jira duniya ta juyo masa da garin da ya ke so? Gaskiya ne duniya na juyawa, a wajen ikwaita ma gudunta ya kai kilomita 1,670 cikin awa. Amma iskar da ta lulluɓe ta tare su ke juyawa, da jirgin da ke cikinta duka. Ku tuna da ƙudan da ke cikin motar haya. Motar na gudu, shi kuwa yana ta shawaginsa daga kujera zuwa kujera, gilashin baya bai zo ya buge shi ba, gama iskar cikin motar tare da motar ta ke tafiya.

Maganar agogo

Yanzu na zo kan kuskuren da ya hana Mama barci. Duniya na juyawa sau ɗaya cikin awa 24. In ka raba digiri 360 da 24, za ka sami 15. Watau duk digiri 15 da ka yi gabas, rana ta riga fitowa da awa ɗaya. Don haka kowace ƙasa ta zaɓi agogon da ya dace da ita. Ingila tana bin agogon Girinwic. Nijeriya kuwa tana bin na digiri 15 gabas, layin da ya bi ta kusa da Injamena ta ƙasar Cadi, saboda haka muna gaban Girinwic da awa ɗaya, kuma ba mu canzawa duk shekara.

Mutanen Ingila su su kan canza. Ran Lahadin ƙarshe ta watan Maris su kan tura agogonsu gaba da awa ɗaya, don su ci moriyar dogon yinin lokacin zafinsu. Ran Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba su mayar da shi. Tsakanin Maris da Oktoba, agogon Ikko da na Landan ɗaya ne. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris kuwa, Landan tana bayanmu da awa ɗaya.

Abin da ban sani ba a daren nan shi ne, kowane lokaci da aka rubuta a tikiti, agogon garin da aka ambata ne. Ƙarfe 11 na dare agogon Ikko ne, ƙarfe 4.30 na asuba agogon Landan ne. Da ya ke watan Janairu ne, huɗu da rabi a Landan biyar da rabi ne a wurinmu. Daga 11 zuwa 5.30, awa shida da rabi ke nan daidai. Bayan sauka kuma akwai layin duba fasfo da jiran kaya, wanda ya ci wa Yaya fiye da awa guda kafin ta sami wayar da za ta kira gida. Da na san wannan, da na ce wa Mama ta kwanta sai gari ya waye.

Mai komowa gida a watannin nan shi kuma akasin haka zai gani. In ya tashi Landan ƙarfe 10 na safe, tikiti zai nuna saukarsa Ikko ƙarfe 5.30 na yamma, sai ka ce awa bakwai da rabi ya yi, alhali shida da rabi ne.

Yadda a ke yi a da

Don mu san darajar awa shida da rabin nan, sai mu waiwayi baya. Kakanninmu da suka je karatu Ingila jirgin ruwa su ke shiga a Apapa, su yi kamar mako biyu kafin su kai Libaful, a na tsayawa a tashoshi irin su Takoradi da Firitawun. Jirgin kamfanin Elder Dempster mai suna Aureol ya yi zirga-zirga tsakanin Ikko da Ingila daga 1951 har 1974. Mako biyu awa 336 ne, watau ya ninka tafiyar yanzu fiye da sau hamsin.

Jiragen sama sun fara zuwa Nijeriya a 1925, sa'ad da wasu guda uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar ƙarƙashin wani hafsa, Arthur Coningham, suka iso Kano a farkon watan Nuwamba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum ta ƙasar Sudan zuwa Kano, ta Fotlami da Maiduguri, daga baya cikin shekarar aka kai ta Ikko. Mai zuwa daga Landan a lokacin sai ya bi ta Masar da Sudan, yana kwana a hanya, ya yi kusan mako guda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin BOAC ya riƙa ƙetare Hamada kai tsaye da jirage masu farfela, a na sauka Tarabulus da Kano a sha mai. Wannan ya sa filin jirgin Kano ya zama babban zango a zamanin. Ran 29 ga Afrilu 1964 sabon jirgi mai injin jet ƙirar VC10 ya fara ɗaukar fasinja, kuma tafiyarsa ta farko daga Landan zuwa Ikko ce. Kamfanin ƙasarmu, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, shi ma ya yi shekaru yana bin wannan hanya kafin ya rufe a 2003. British Airways da Virgin Atlantic suna sauka Hitiro, a watan Maris na 2024 kuma Air Peace ya fara zuwa filin Gatwik.

Wani abin lura shi ne, daga zamanin VC10 zuwa yau gudun jiragen fasinja bai ƙaru da wani abin kirki ba. An yi jirgin Concorde wanda ya ninka gudun sauti sau biyu, yana haye tekun Atilantika cikin kamar awa uku da rabi, amma shan mansa da tsadar kujerarsa sun yi yawa, aka ajiye shi a 2003. Masu ƙera jirage sun fi mai da hankali ga rage shan mai, da ɗaukar mutane da yawa, da yin tafiya mai nisa ba tsayawa.

Komawata aji

Ran Litinin da ta biyo na shiga aji biyar da lemo guda, da zare, da taswira. Kafin in fara kome na ce, "Yara, ku buɗe inda kuka rubuta sau ashirin, ku soke. Malaminku ya yi kuskure." Suka yi tsit suna kallona. Na rubuta 51 da rabi da 6 da rabi a allo, na ce su ɗebe. Na ba su 111 su ninka. Na ba su 830 su raba. Yarinyar nan da ta yi tambaya ita ta fara gamawa, ta miƙe ta ce, "Malam, shida ne!" Tun daga ranar ba a shiga darasin labarin ƙasa ba tare da wani ya kawo sunan gari yana so a auna masa ba. Na ji tsoron su raina ni don na amsa kuskure, amma sai ga shi sun ƙara sakin jiki da ni.

Shawarata gare mu masu shirin zama malamai ita ce, in yaro ya yi tambayar da ba mu san amsarta ba, mu ce masa a ba mu kwana ɗaya. Matambayi ba ya ɓata. Abin da malami ya faɗa a aji, yara arba'in ne za su kai gida arba'in, kuma da wuya a bi su a karɓo.

Ga aikin gida ga mai so. Daga Kano zuwa Jidda ta ƙasar Saudiyya kamar kilomita 3,400 ne, agogonsu kuma yana gaban namu da awa biyu duk shekara. Jirgi ya tashi Kano ƙarfe 10 na safe. Ƙarfe nawa zai sauka bisa agogon Jidda, kuma ƙarfe nawa ne a lokacin ga mutanen gida da ke jiran waya? Wanda ya samu ya same ni a ɗakin karatu bayan cin abincin yamma mu gwada amsa.

Yaya ta ce za ta zo hutu a watan Disamba. Na riga na yi lissafin, na rubuta wa Mama a takarda da manyan baƙaƙe, agogon Landan dabam, namu dabam. Ta karɓa ta ninke ta sa ƙarƙashin matashi, ta ce ta ji, amma duk da haka ba za ta kwanta ba sai ta ji sallamar 'yarta a ƙofar gida.